Injin wayar ofis yana kunna jar fitila

Malam, ka ce injin wayoyin ofishinku a Gusau yana nuna alam na firosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin injin) da memori (ma'ajiyar bayanansa), kira na yankewa a tsakiyar magana. Don Allah kar ka yi saurin risetin, fara adana kwafin saitin a filasha, in ba haka ba lambobin ofis duka na iya gogewa ka dawo kana shigar da su ɗaya bayan ɗaya.

Sai ka buɗe log, wato rajistar da injin ke rubuta abin da ya faru, ka duba lokacin da alam ɗin ke tashi, ni wanda na gyara a Birnin Kebbi kullum daidai lokacin da ake juyawa daga wutar nepa zuwa janareta yake yi, batirin UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ne ya mutu. Duba fankar cikin injin ma, ƙurar hunturun nan tana toshe ta, na taɓa cire ƙura kamar auduga a ciki.

Memori kuwa sau da yawa rikodin kira ne ya cika wajen ajiya, kwashe tsofaffin. In wayar intanet ce rufe kofar 5060, wato hanyar da kiran intanet ke bi ya shiga injin, daga waje, masu kutse suna cinye firosesa. Ka kashe wuta kafin ka taɓa katin cikin injin fa.