Na Fara Tanis a Makare, Zan Iya Zama Koci?

Tambaya: Shekaruna 38, bana na fara koyon tanis. Ko zan iya kaiwa ga horar da wasu?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam. Fara da raket mara nauyi, giram 270 zuwa 285, da ƙwallo mai ɗigon kore, wadda gudunta ya gaza na rawaya da aka saba wasa da ita da kashi 25 cikin 100. Atisaye sau uku a mako ya isa. Kada ka damƙe mariƙin da ƙarfi, kuma ka tari ƙwallo tun tana gabanka, don makara wajen bugu ke jawo ciwon gwiwar hannu. In hannunka ya faɗa, nemi kwas ɗin Play Tennis na hukumar tanis ta duniya, ITF, ta hannun ƙungiyar tanis ta ƙasarku. Kafin nan, ka ƙware wajen jefa wa ɗalibi ƙwallo daidai inda zai iya mayarwa.