Tambaya da Amsa: Shiga haikalin Sinawa a matsayin ɗan kallo

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowar, duk daga masu shirin tafiya ƙasar Sin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zuwa Gwanzu sarin kaya, kuma dillalina Basine ya matsa sai ya kai ni wani tsohon haikalinsu. Ba na son in gwale shi, ba na kuma son in taɓa abin da zai shafi addinina. Yaya wurin yake, me zan yi, me zan bari? Daga wani ɗan kasuwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Hukuncin shiga wurin bautar wasu na malamai ne, ka tuntuɓi naka kafin ka tashi. Abin da za mu iya yi maka shi ne mu raba maka abu biyu da baƙo ke yawan cakuɗawa: abin da yake ladabin wurin, wanda ake so kowa ya kiyaye, da abin da yake ibadarsu, wanda babu mai tilasta maka. Mai gadi ba ya tambayar addinin kowa a ƙofa.

Fara da tambayar dillalin ko wane iri ne. Wanda sunansa ya ƙare da "si" na mabiya Buda ne, "guan" ko "gong" galibi na 'yan Tao, "miao" kuma na gargajiya ko na Kwanfushiyas. A Gwanzu mai yiwuwa Guangxiao zai kai ka, ko Liurong wanda aka kafa a shekarar 537. Sunan Liurong na nufin itatuwa shida 'yan dangin ceɗiya, kuma hasumiyarsa ta kai mita 57, kusan hasumiyar Gobarau ta Katsina huɗu ke nan a kan juna. Daga waje hawa 9 za ka ƙirga, a ciki 17 ne.

Tsarin ginin ba zai yi maka baƙo ba in ka taɓa shiga gidan sarauta: soro, fili, wani soron, wani filin, duk a layi ɗaya daga kudu zuwa arewa. Ƙofar farko baki uku gare ta. Ka bar ta tsakiya, ta 'yan zuhudunsu ce da manyan bukukuwa, ka bi ta gefe. Wasu wuraren ta dama ake shiga, wasu ta hagu, don haka duba inda jama'a suka nufa ka bi sahu.

A kowace ƙofa akwai dokin ƙofa na katako ko na dutse, wani ya kusa kai gwiwa. Tsallake shi ake yi, ba a takawa, ba a zama a kai. Mu ma dai tun muna yara ake hana mu zama a dokin ƙofa. Nan ne mai babbar riga ko doguwar jallabiya ke cin tuntuɓe, saboda cikin ɗakin da duhu-duhu, kai kuma ka fito daga rana idonka bai washe ba. Tattare rigar da hannu ɗaya, ka ɗan tsaya kafin ka jefa ƙafa. Takalmi kuwa ba a cirewa, sai inda ka ga an jera su a bakin ƙofa.

A haikalin Buda, ɗakin farko yana da gunki mai tumbi yana dariya, da wasu manya huɗu masu zare ido, biyu a kowane gefe. In ka fito fili, hasumiyar ƙararrawa na damanka, ta ganga na hagunka, a tsakiya kuma ga ƙaton kaskon tagulla cike da toka. Nan ake kunna turaren tsinke, guda uku-uku. Wurare da yawa suna miƙa wa duk mai shiga tsinke uku kyauta tun daga ƙofa, kuma a nan baƙo ke rikicewa ya karɓa don kunya. Kunna turaren, ɗaga shi saitin goshi, rusunawa sau uku, durƙusawa a kan matasan da ke gaban gumaka, jefa kuɗi a akwatin da ke wurin, girgiza gwangwanin tsinkayen gora don duba sa'a, duk ibada ce. Ka ɗaga tafin hannu ka ce "bu yung, shiye-shiye", wato ba na buƙata, na gode. Ya wadatar, ba wanda zai ji haushi.

A babban ɗaki ka tsaya daga gefe, kada ka gitta tsakanin mai durƙuso da abin da yake fuskanta, kamar dai yadda ba ka son a gitta maka a sallah. Kada ka taka matasan, kada ka nuna gunki da yatsa, kada ka taɓa ganga ko ƙararrawa ko ɗan kurtun katakon nan mai siffar kifi da suke bugawa lokacin karatu. In za ka zagaya hasumiya, ka bar ta a hannun damanka.

Ka kuma kula da rana. Ran 1 da 15 ga watansu wurin cika yake maƙil, hayaƙi ya turnuƙe, tokar turaren wani ta faɗo maka a shadda ta huda ta. Watansu yana rigan namu da kwana ɗaya ko biyu, domin su da lissafi suke farawa, mu da gani. Ke nan ka kauce wa 13 da 14 ga watan Musulunci, da kwana biyun ƙarshensa. Mai asma ya riƙe wannan da kyau. Yawancinsu kuma wajen ƙarfe 5 na yamma suke rufewa, sai ka je da hantsi.

A bakin titi kafin ƙofa akwai masu tallar turare da 'yan duba, da masu shigar 'yan zuhudu da za su danƙa maka carbi ko wani ɗan kati mai ruwan zinariya, sannan su buɗe littafi su ce ka rubuta abin da za ka bayar. Da zarar abin ya shiga hannunka ciniki ya fara. Hannu a aljihu, ka wuce.

In azahar ta riske ka, masallacin Huaisheng na titin Guangta, tafiyar ƙafa ce daga Liurong. Yana cikin mafi tsufa a ƙasar, da hasumiya mai mita 36. Kai ma sai ka ja dillalin ya ga naka.

Tambaya: Zan raka maigida Yiwu, an ce za a kai mu haikalin Lingyin a Hangzhou. Zan iya shiga da hijabi? Abincin da suke sayarwa a ciki fa, ya halatta? Ana ɗaukar hoto? Daga wata uwargida, Daura.

Amsa: Hajiya, hijabinki ba matsala ba ne. Abin da suke ƙi shi ne gajeren wando da rigar da ta bar kafaɗa a waje. Sai dai ki naɗe gefensa in za ki wuce kusa da kyandirori da kaskon turare, yadin hijabi ba ya wasa da wuta. Lingyin a gindin duwatsu yake, an kafa shi tun shekarar 326, matakala ce bayan matakala, ki sa takalmi mara tsini.

Ɗakin girkin haikalin Buda ba ya sa nama ko kifi ko giya, har albasa da tafarnuwa ba sa sawa. Za ki ga abu a faranti sak naman agwagwa ko tsiran alade, amma awara ce da alkama da naman kaza (tsiron nan mai kama da laima, ba kaza ba) aka sarrafa. Inda za ki yi hattara biyu ne. Lemo, tuffa ko alewar da wani zai miƙo miki a tsakar haikali sau da yawa daga gaban gunki aka sauko da su, sai ki ƙi karɓa cikin fara'a. Na biyu, wannan ƙa'idar ta rashin sa nama ta 'yan Buda ce kawai. A haikalin gargajiya, musamman a kudu, har gasasshen alade ake kaiwa, kuma shagunan bakin ƙofa kowane irin mai suke suya da shi. In kina son hankalinki ya kwanta, nemi shago mai alamar 清真, ana karanta ta "cing-jan", ita ce halal ɗinsu. Masu taliyar Lanzhou da naman sa sun fi yawan ɗauke da ita.

Hoto a fili da jikin gini babu laifi. A cikin ɗakunan gumaka galibi an hana, ko da ba ki ga allo ba. Ɗan zuhudu kuma ba a ɗaukarsa sai da izininsa, ba a kuma miƙa masa hannu.

Tambaya: Na samu gurbin karatu a Beijin. Akwai wanda zan ga ginin ba tare da na shiga cikin masu bauta ba? Daga wani ɗalibi, Ƙofar Soro, Katsina.

Amsa: Akwai, ɗan'uwa: Tiantan, wato Haikalin Sama. An gina shi a 1420, sarakuna ne ke zuwa roƙon damina mai albarka, amma tun 1918 ya koma wurin shaƙatawa, babu turare babu durƙuso. Da safe tsofaffi za ka tarar suna motsa jiki da buga kati. Babban ɗakinsa mai rufin shuɗi hawa uku ya kai mita 38.

Kuskuren da ake yi a tikiti ne. Iri biyu ne: na shiga lambu kawai, da na haɗaka mai kai ka har gine-ginen. Mai arhar zai bar ka kana leƙe ta bayan katanga, sai ka sake bin wani layin. Sayi na haɗaka, ka riƙe fasfonka domin da shi ake yanka, ka kuma haɗa Alipay ko WeChat, manhajojinsu na biyan kuɗi, a wayarka tun kafin ranar. Kada ka je ran Litinin, lambun a buɗe yake amma gine-ginen a rufe. Filin ya haura hekta 270, ka ware masa awa uku, ka shiga ta ƙofar gabas inda jirgin ƙasa layi na 5 ke saukewa.