Kafin ka taɓa kwalin hotunan nan

Jiya da za mu tashi ka tambaye ni, ka ce, "Maigida, tsofaffin hotunan da mutanen gari suka tara suka kawo, in fara da goge tabon da ke jikinsu ne, ko in sa musu launi da manhaja don su yi kyau a bango?" Na ce ka bari sai da safe, don amsar ba ta tsaye ba ce. To jawo kujera, ɗana.

Babu ɗaya daga cikin biyun da za ka fara da shi. Littafi da fensir za ka fara ɗauka. Kowane hoto ka ba shi lamba, ka rubuta wanda ya kawo shi, da inda ya same shi, da duk abin da ya faɗa a kansa ko da jimla ɗaya ce. Tabon da ya shekara 60 a jikin takarda zai iya jiran wata biyu. Tsohuwar da ta san sunan kowa a layin baya na hoton makaranta, ita ce ban da tabbacin za ta jira ka.

Ka san Seydou Keïta, mai hoton Bamako da ya buɗe wurin aikinsa a 1948. A 1991 an baje hotunansa a birnin New York, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba, alhali mutumin yana nan da ransa. Daga baya an bi sawu an gano shi. Amma mutanen da suka zauna a gabansa fa? Yawancin hotunan har yau ba su ɗauke da sunan kowa. Duk lokacin da na kalle su abin yana cina, domin kowanne a cikinsu uban wani ne ko gwaggon wani. Ka kwatanta da Solomon Butcher a Nebraska ta Amurka. Shi tun 1886 yake bin gonaki gida-gida, yana ɗaukar iyalai a ƙofar gidajensu na ƙasa, yana kuma rubuta sunayensu da labarin zuwansu wurin. Gobara ta cinye takardunsa a 1899, gilasan nagatif, wato waɗanda ake wanko hotuna daga jikinsu, suka tsira, ya koma ya sake tattara labaran. Shi ya sa yau jikoki ke iya nuna hoto su ce ga kakanmu.

Saboda haka da zarar ka yi sikanin, wato ka kwafe hoton da na'ura zuwa kwamfuta, buga kwafi babba a takarda mai araha, ka tafi da shi wurin dattawa. Asalin ya zauna a nan. In ka je, ka iya bakinka. Kada ka ce, "Baba, wannan ba wane ba ne?" Zai ce maka shi ne don kada ya ba ka kunya, kai kuma ka rubuta kuskure ya zama tarihi. Miƙa masa hoton kawai, ka yi shiru, ka bar shi ya juya shi. In ya yarda, kunna rikoda a wayarka. Ka nuna wa mutum biyu ko uku, kowa shi kaɗai. In suka saɓa, rubuta duka, kowane zance da sunan mai shi da ranar da ya faɗa. Ka kuma je wurin mata, don sau da yawa su ne suka riƙe wa ya auri wa, wa ya haifi wa.

Kada tambayarka ta tsaya a fuskoki. Mai hoto na wancan zamani mutum ya zo ɗauka, garin kuwa shigowa ya yi ta gefe ba da gayyata ba: allon wani shago, turken wutar lantarki, bishiyar da aka sare, gadar da ruwa ya tafi da ita, lambar mota. Na taɓa yanke gefen wani hoto ina sabon shiga, don in daidaita shi da firam. Wanda ya kawo hoton ya zo ya duba ya duba, ya ce ina rijiyar? Ashe ɗan bakin rijiyar da ya leƙo a kusurwa shi ne kaɗai abin da ya rage na unguwar da aka haife shi. Na yanke da almakashi, babu mayarwa. Tun ranar ban sake yanke hoton kowa ba.

Wannan ne ya kawo mu ga sikanin. Ka ɗauki hoton gaba ɗaya har da farin gefensa, sannan ka juya ka ɗauki bayansa, domin hatimin mai hoto da rubutun hannu da tambarin gidan waya a can suke, kuma su ne ke ba ka shekara. Ƙaramin hoto kada ka yi ƙasa da 600 dpi, wato yawan ɗigon da na'urar ke ɗauka a kowane inci. Ka ɗauka da launi ko da baƙi da fari ne, don jan da takarda ta yi shi ma shaida ne kan irin wankin da aka yi mata. Ka adana a nau'in fayil na TIFF, saboda nau'in JPEG yana zubar da wani abu na ingancin hoton duk lokacin da ka gyara ka sake adanawa. Wannan fayil na farko shi ne uwa, ba a taɓa shi. Gyara a kan kwafi ake yi.

Batun launi kuwa, manhaja ba ta san launin rigar nan ba, cinta take yi. Wadda ke "gyara fuska" ta fi haɗari, domin inda hoto ya dushe sai ta ƙirƙiro ido da haƙora daga fuskokin wasu mutane. Sai ka miƙa wa mutum mahaifiyarsa da idon da ba nata ba. In iyali suka nace suna so na rataye a ɗaki, yi musu, amma ka rubuta a jiki cewa launin ƙari ne, kuma kada ya shiga kundin gari.

Takardar kanta, hannu a wanke a bushe, a riƙe ta gefe. Wannan sheƙin mai kama da madubi da kake gani a wuraren duhu ba datti ba ne, azurfar hoton ce ta taso, in ka goge ka tafi da hoton. Babu salatif, babu danƙo, babu biro, babu liƙewa da leda a injin zafi. In dole ka yi rubutu a baya, fensir mai laushi, a gefe, ba dannawa. Wanda ya manne a albam ko a gilashi, ɗauke shi a yadda yake, kada ka ɓamɓare. Ajiya a wuri mai sanyi, busasshe, marar hasken rana, nesa da ƙasa, don laima ita ke kawo fumfuna.

Nagatif kuma ka sansana kwalinsu. In ka ji warin tsami mai hawa kai, fim ɗin ya fara lalacewa, kuma yana shafar na kusa da shi, ware shi ka yi masa sikanin da wuri. In ka ga kalmar "nitrate" a gefen fim, kira ni kafin ka yi komai. Irin wannan yana kama wuta da sauri, ruwa ma ba ya kashe ta cikin sauƙi, kuma sai wajen 1951 kamfanin fim na Kodak ya daina yin sa.

In an gama, fayilolin su zama kwafi uku, ɗaya a wani gini daban. Asalin hotuna su koma hannun masu su, kowa da kwafinsa, kuma ka tambaye su kafin a baje ko a sa a intanet. Akwai hoton da iyali suka kawo don a adana, ba don duniya ta gani ba.

Yau dai ka fara da ambulan ɗin da ke sama, mai hotunan tashar jirgin ƙasa. Wanda ya kawo su ya ce kawunsa ya yi aiki a wurin, kuma yana kwance ba lafiya. Ka buga su kafin rana ta yi tsaka, da yamma mu tafi tare.