Amsa: Katun ɗaya kullum, zai yiwu?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko mai wuni a kasuwa zai iya fitar da gajeren katun, wato zane mai motsi, kullum har wata guda. Zai yiwu, na yi bara, amma sai ka rage buri.

Lissafi ne ke kayar da mutane. Fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, masu katun kuwa sukan zana 12, kowane zane ya fito sau biyu. Ka ga daƙiƙa 10 zane 120 ke nan, ba aikin dare ɗaya ba ne. Ni na sauko zuwa 8, na tsaya a daƙiƙa 5, wato zane 40, da manhajar zana katun ta FlipaClip a wayata bayan sallar isha.

Kada ka tsaya neman labari, motsi ɗaya ya isa. Wanda na fi so cikin duk abin da na yi shi ne mai shayin unguwarmu a Fagge yana shiƙa shayi daga kofi zuwa kofi. Zane 8 ne kawai suke ta maimaita kansu, amma sai da na zauna a bencinsa na lura cewa kafaɗarsa ce ke fara ɗagawa kafin hannu. Wallahi wannan kallon ya koya min abin da darussan intanet ba su koya min ba.

Launi ka bar shi tukuna, baƙin layi ya wadatar. Ka kuma cika cajinka tun da rana, don kwana biyu na rasa saboda ɗauke wuta. Allah ya ba da sa'a.