Amsa kan asalin kalmar almubazzaranci

Ɗan'uwa, ka tambayi asalin kalmar almubazzaranci, da kuma ko ma'anarta ɗaya ce da rashin kamun kai. Tushenta Larabci ne, daga saiwar da ke nufin watsa iri a gona, sannan aka ara wa mai watsa dukiya ba bisa ƙa'ida ba. An daɗe ana jin ta a bakin malamai wajen tafsiri, domin aya ta 27 a Suratul Isra'i ta kira masu wannan hali 'yan'uwan shaiɗanu. Hausa ta ari kalmar haɗe da "al" ɗin Larabci da ke farkonta, kamar yadda ta yi a alƙali da alƙalami. A ganina almubazzaranci da rashin kamun kai ba ɗaya suke ba, domin wanda bakinsa ba shi da linzami ba a ce masa almubazzari.