Shin limaman coci ne ke mulkin ƙauyukan Ingila?

Tambaya: Malam, a labaran Ingila nakan ji an ce majalisar farish ta wani ƙauye ta yanke hukunci kaza. An gaya mini farish gundumar coci ce. Ashe limamai ne ke riƙe da ƙauyukansu?

Amsa: Yanzu kam ba su ba ne, amma ba ka yi nisa da gaskiya ba, domin ƙauyen Ingila ya yi ɗaruruwan shekaru ana tafiyar da shi daga harabar coci.

Tushen abin ushiri ne. Daga ƙarni na 10 masu manyan filaye suka riƙa gina coci a filayensu, su naɗa masa limami. Dokar Sarki Edgar, wanda ya yi mulki daga 959 zuwa 975, ta wajabta wa manomi fitar da kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona. To, tunda za a karɓi hatsi, dole a san gonar wa ke ƙarƙashin wane coci. Daga nan aka shata iyakokin gundumomin coci, wato farish, kuma wajen shekarar 1200 yawancinsu sun zauna daram. Da yake babu taswira, duk shekara limami da dattawa sukan zaga iyakar da yara, ana dukan duwatsun alama da tsumagiya. Wani lokaci yaron ake ɗauka a gwara shi da dutsen, don in ya tsufa ya ba da shaidar wurin.

A ƙarni na 16 masarauta ta lura cewa ga tsari a kowane lungu wanda ba sai ta biya kowa albashi ba, sai ta shiga ɗora masa kaya. A 1538 Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na 8, ya ba da umarnin rubuta duk baftisma da aure da jana'iza. A 1555 aka ɗora gyaran hanya, magidanta su yi aikin kwana huɗu a shekara kyauta. A 1601 aka ƙara ciyar da matalauta da harajin da mazauna ke biya. Masu biyan harajin ne ke zama a ɗakin ajiye rigunan limami su zaɓi masu kula da coci da masu kula da talakawa.

A ganina nan ne abin ya yi muni. Dokar 1662 ta ba da damar mayar da baƙon da ake tsoron zai zama nauyi gundumarsa ta asali. Har mace mai tsohon ciki marar miji akan tsallakar da ita iyaka, don jaririn ya faɗo a kasafin maƙwabta.

Daga baya aka riƙa sauke kayan. A 1834 aka haɗa gundumomi rukuni-rukuni aka gina gidajen aikin matalauta, a 1836 ushiri ya koma kuɗi. Dokar 1894 ce ta raba gari: harkar ibada ta zauna wa coci, ƙauyen da ya kai mutum 300 kuma ya sami zaɓaɓɓiyar majalisa, har mata na iya tsayawa takara.

Ita ce majalisar da kake ji. Akwai irinta kimanin 10,000 a Ingila, yawancin 'yan majalisar ba su da albashi. Aikinsu filin wasan yara, maƙabarta, rumfar jiran bas da 'yan filayen lambu da ake ba mazauna haya, suna tafiyar da su da ɗan kason da ake ƙara musu a kan harajin gidaje. Kan sabon gini shawara kawai suke bayarwa, hukuma ta sama ce ke yankewa.