Ni ma fim ɗin sarauta ya taɓa jefa ni cikin irin wannan kunyar

'Yar uwa wallahi ina karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, kamar labarina kike bayarwa. Kin ce kin kafa hujja da abin da kika gani a fim ɗin sarakuna aka ƙaryata ki a gaban mutane, yanzu kina tunanin daina kallonsu kwata-kwata tunda ba ki gane ina tarihi ina ƙirƙira. Ki share hawayenki, ba ke kaɗai ba ce.

Ni a cikin aji aka yi min tawa. Ina aji biyu a jami'a aka ba ni aikin gabatar da bayani kan Mary sarauniyar Sikotland da 'yar uwarta Elizabeth ta farko ta Ingila. Kuma na yi karatu fa, kwana da kwanaki ina kai, na haddace cewa a 1568 Mary ta gudo Ingila neman mafaka, aka tsare ta kusan shekara 19, a 1587 aka fille mata kai bayan Elizabeth ta sa hannu a takardar hukuncin. Duk wannan daidai ne. Amma akwai wani fim da na kalla ya fi sau uku, an nuna su biyun sun haɗu ido da ido suna gaya wa juna magana suna zubar da hawaye, wurin ya zauna min a rai har ban san lokacin da ya zama tarihi a kaina ba. Haka na tsaya gaban aji na kawo labarin haɗuwar da dukkan zuciyata.

Malamin nan bai tsayar da ni ba. Sai da ya bari na kai aya sannan ya ce in maimaita wurin haɗuwar, na maimaita, ya ce a wane littafi, shafi na nawa, na yi tsuru-tsuru, sai ya juya ya kalli aji ya ce to ga malamar tarihin talabijin. Aji ya ɗauki dariya har da masu buga tebur, ni kuwa ƙafafuna rawa suke, takardar hannuna ta jiƙe da gumi, da ƙasa za ta tsage da na shige. Daga baya na bi shi ofis in ba shi haƙuri in nemi ya nuna min inda zan gyara, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in je daraktan fim ɗin ya ba ni maki. A banɗaki na yi kukana ranar. Sunan nan ya bi ni har na gama makarantar, na daina ɗaga hannu a aji ko da na san amsa. Me zai rage shi da ya ce min cikin mutunci, baiwar Allah waɗannan matan ba su taɓa haɗuwa ba, wasiƙu kawai suka yi ta aika wa juna? Magana ɗaya ce fa! Na yafe masa amma har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Kar ki daina kallo don Allah. Ni na daina na kusan shekara biyu saboda haushi, ba abin da na ƙaru da shi, kuma gaskiya finafinan nan ne suka fara sa min son tarihi tun farko. Abin da na gane shi ne mai fim yana da awa biyu, rayuwar sarki kuwa shekaru ne, dole ya taƙaita, ya haɗe fadawa uku su zama mutum ɗaya, ya ƙirƙiri hirar cikin ɗaki tunda ba wanda ya laɓe ya rubuta abin da sarki ya ce wa matarsa da daddare. Wannan ba ya damuna. Inda nake jin zafi shi ne a ɗora wa mutumin da ya taɓa rayuwa laifi ko halin da ba a san shi da shi ba don kawai labari ya yi armashi, bawan Allah yana kabari ba bakin kare kansa.

Ki dubi Sultan Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkiyya, shekara 46 ya yi yana mulki daga 1520 zuwa 1566, a fagen yaƙi ma ya rasu a ƙasar Hungary, amma in a allo kika san shi sai ki ɗauka rikicin matan fada kaɗai ya sani. Aurensa da matarsa Hurrem gaskiya ne, kashe ɗansa Mustafa a 1553 ma gaskiya ne, to a tsakanin waɗannan gaskiyar ake cusa ƙirƙirar, shi ya sa take shige mana ba mu ankara ba.

Duk wurin da ya fi sa ki kuka a fim, shi za ki fara bincikawa. Ki duba shekarun haihuwa da mutuwa a intanet, minti biyar ya isa ya nuna miki ko mutanen ma sun yi zamani ɗaya. Kuma in an rubuta a farko cewa an gina fim ɗin kan labarin gaskiya, ki riƙe kalmar ginawar nan da kyau. In za ki yi magana a cikin mutane ki ce a fim na gani, ba wanda zai kama ki da wannan. Su kuma masu yi miki dariya, rantsuwa zan iya yi rabinsu ba su san amsar ba sai da wani ya faɗa, kamar 'yan ajinmu.

Ki faɗa min wane sarki ne fim ɗin naki ya nuna, in na san wani abu a kansa sai mu bi wuraren ɗaya bayan ɗaya tare.